Ranar da Likitar Ido Ta Nemi 'Yar Jagora

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na makantar da kaina da hannuna, a gaban mutanen gari guda, ina tsakiyar rantse musu cewa maganina ba ya makantarwa. Yanzu ina ba da labarin ina dariya, har ɗalibaina nake ba wa idan na ga kansu ya fara kumbura. Amma a ranar, da tafkin Kainji ya taso ya haɗiye ni, da na gode masa.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga tudun da na faɗo. Ni likitar idon yara ce, haifaffiyar Yelwar Yawuri. Na yi karatun likita a Sakkwato, na yi shekarun koyon aikin ido a Kaduna a hannun wani farfesa mai ƙaramin jiki da babbar murya, daga nan aka tura ni Indiya na koyo yi wa jarirai da ƙananan yara tiyata. Can na iya ɗinki da zaren da ya fi gashin kai siriri, ina leƙe ta cikin na'ura, a kan idon da bai fi kanya girma ba. Na dawo gida da takardu da sabon taku. Ko Inna sai da ta ce mini tafiyata ta canja (ta ce kamar ina tsoron ƙasa ta ɓata mini takalmi).

Farfesan nan namu yana da wata doka da yake maimaitawa har mu gaji. Ya ce kwalbar magani karanta ta ake yi kafin a buɗe, a sake karantawa kafin a ɗiga, a kuma karanta kafin a ajiye. Ni ma da na zama babba na gaji dokar, har na fi shi zafi a kanta. Akwai ɗalibin da na taɓa kora daga ɗakin duba marasa lafiya saboda ya ɗauki kwalba da ka, bai duba ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da na dawo, sai na ɗauki wani bincike da ya daɗe yana cina a rai. Yara da yawa daga ƙauyukan bakin ruwa, wajen Ngaski da Shanga da tsibiran tafki, ana kawo mana su da yanar ido bayan lokaci ya ƙure. Yanar yaro ba kamar ta tsoho ba ce. Tsoho ya riga ya iya gani, kana cire masa yanar ya ci gaba daga inda ya tsaya. Shi yaro koyon gani yake yi, kuma idan shekarun koyon suka wuce ido na rufe, ko ka cire yanar ba lallai ya ga abin kirki ba. Don haka nake so in san me ke hana iyaye kawo su da wuri. Gaskiyar magana, tun kafin in bar ofis na riga na yanke amsar a zuciyata: nisa da rashin sani. Fita kawai na yi in samo shaidar abin da na riga na yarda da shi.

Abokiyar tafiyata ita ce Sista Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, Bakambara daga yankin Ngaski, wadda ta fara aikin ido tun ina sakandare. Mace ce marar yawan magana, sai dai tana da wani kallo ta saman tabarau da ya fi tsawa. Muka bi mota zuwa Wara, daga can muka shiga jirgin ruwa zuwa wani ƙauyen masunta (ba zan faɗi sunansa ba, don har yau in na je sai an tuna mini).

Maigari ya karɓe mu da mutunci, aka yi mana shimfiɗa a gindin wani ƙaton mangwaro. Maza a gaba, mata a baya da yara. Daga inda nake zaune ina hango bakin ruwa, an baza buhuna a kan yashi an shanya warangi, ƙananan kifayen nan masu ƙyalli, rana na dukansu.

Tun kafin a gama gaisuwa na ga yarinyar. 'Yar shekara biyar haka, tana zaune jikin wata tsohuwa, ta karkatar da kai gefe tana sauraro. Tsakiyar idanunta biyu fari fat, ba sai an haska fitila ba. Na tambaya aka ce sunanta Balki, tsohuwar kuma kakarta ce, Tumba, mai bandar kifi. Ina ganinta na san lokacin yarinyar nan ya kusa ƙurewa. Idan aka yi mata aiki a wannan shekarar akwai fata. Idan aka ƙara jan ƙafa, to sai dai haƙuri.

Na miƙe na yi jawabi mai daɗi. Na bayyana cewa kafin in duba idon yaro da kyau sai na ɗiga masa wani magani da ke buɗe ƙwayar ido, in samu in leƙa can ciki. Ina ambaton ɗigawa sai na ga mata sun fara jan 'ya'yansu baya. Wata ma ta saɓa nata ta yi gida ba sallama.

Kaka Tumba ce ta yi magana, ba ta ko ɗaga murya ba.

"Wanga magani naku mun san shi, Likita. Makantarwa shikai."

Na yi murmushin nan na masu ilimi, wanda yanzu in na tuna shi nake jin kamar in mari kaina. Na ce, "Haba Kaka, wa ya gaya miki? Ba ya yin komai wallahi. Ɗan yaji ne kawai, shi ke nan."

"Ba gaya min anka yi ba," in ji ta.

Da ina da hankali, a nan ne zan zauna in ce ta ba ni labari. To ni a lokacin ba sauraro na zo yi ba, koyarwa na zo yi. Na ga taron na neman watsewa, na ga Balki za ta koma gida da yanarta, sai wata dabara ta faɗo mini wadda na ɗauka ba a taɓa yin irinta ba. Na zura hannu cikin jaka, idona na kan mutane, bakina bai daina zuba ba, na zaro kwalba mai jan murfi. Na ce, "To ku duba da kyau. Ni zan fara." Na ɗaga kai sama na ɗiga a idon dama. Sai na ga ai gwanintar ba ta cika ba, na ƙara a na hagu. Har da ƙarin ɗigo, don na baya su gani.

Na ware hannuwa na ce, "Kun gani? Ga ni nan garau."

Wani dattijo ya ce madalla. Na ji daɗi ƙwarai. Na lura Sista Rifkatu tana yi mini kallon nan nata ta saman tabarau, amma na ɗauka sha'awar basirata take yi.

Ga abin da ban tsaya na tuna ba. Kwalabe iri biyu ne a jakar, kuma duk jan murfi gare su. Ɗaya shi ne na duba ido, wanda ke sakin mutum kafin wayewar gari. Ɗayan kuma mai ƙarfi ne, muna ba iyaye su riƙa ɗiga wa yaro a ido ɗaya idan muna so mu tilasta wa ɗayan idon da ya yi ƙyuya ya yi aiki. Wannan idan ya kama babba, sai ya yi mako guda ko fiye bai sake shi ba. Ba sai na gaya muku wanda hannuna ya zaɓa ba.

Maganin ba ya kamawa nan take, don haka na samu lokacin ƙara cika baki. Na yi bayanin Indiya. Na yi bayanin zaren da ya fi gashi siriri. Mata biyu har sun fara matsowa da 'ya'yansu. Can sai na duba hannuna na ga yatsun sun fara narkewa. Ban damu ba, na san na kusa zai dushe, wannan kowane ɗalibi ya sani. Abin da ya ba ni tsoro shi ne da na ɗaga kai na ga fuskar Maigari ma ta zama kamar an shafe ta da tsumma. Na nesa bai kamata ya tafi haka ba. Na ƙifta, na sake ƙiftawa. Babu.

Maimakon in zauna in yi shiru, sai na ce bari in je jirgi in ɗauko fitilar duba ido, ko na samu in kaɗaita in yi tunani. Rifkatu ta ce ta je ta ɗauko. Na ce a'a, da kaina zan je (har yanzu ina nuna musu cewa ni garau nake).

Ina fita daga inuwar mangwaron nan rana ta same ni. Ku tuna ƙwayar idona a wangale take, ba ta iya tsukewa. Ga rana tsaka, ga farin yashi, ga ruwan tafki na maido da hasken gaba ɗaya cikin kaina. Ji na yi kamar an watsa mini barkono. Hawaye suka ɓalle. Na runtse ido na ci gaba da tafiya da taurin kai, ina cewa a raina jirgin ai yana nan gaba kaɗan. Sai na ji ƙasa ta canja a ƙarƙashin takalmina, ta yi santsi tana ƙaras-ƙaras. Kafin in gane cewa shanyar warangin mutane nake takawa, buhu ya zame, ƙafafuna suka yi sama, na zauna daɓas a tsakiyar kifi.

Mata suka ɗauki salati. Kaji, da ma jira suke a samu hargitsi, suka afko wa shanyar ta ko'ina. Na miƙe da kifi manne a farar rigata da mayafina, ido a rufe, hawaye na zuba, na miƙa hannuwa gaba ina lalube. Ban san ina jirgi yake ba, ban san ina mangwaro yake ba. Wurin ya yi tsit, in ban da kaji.

Sai na ji wani ɗan ƙaramin hannu ya kama yatsana.

"Taho," in ji wata 'yar murya. "Ɗaga ƙafa, ga igiyar jirgi nan. To, yi nan, akwai turmi."

Balki ce. Yarinyar da na zo daga birni in ceto, ita ta taso daga jikin kakarta, don ta san yadda mutum ke tsayawa idan ya ɓace, ta ja ni a hankali ta ratsa da ni tsakiyar taron. Ta san kowane dutse da kowane turke na garin nan da ƙafarta. Ni kuwa likitar ido, mai takardar Indiya, ina biye da ita ina jan ƙafa ina warin kifi. Wani yaro ya fara ƙyalƙyalewa, uwarsa ta make shi, sai ita ma abin ya ci ƙarfinta. Daga nan gari ya ɗauka. Har Maigari na ji yana tarin da ba tari ba ne.

Da Balki ta zaunar da ni a kan tabarma, Kaka Tumba ta ce, cikin natsuwa, "To Likita, mun gani. Allah shi saka da alheri, da kanki kinka nuna muna."

Kunya ta rufe ni har cikin ƙashi. Rifkatu ta sunkuyo kusa da kunnena, na ji ƙarar kwalba a hannunta. "Likita, mai daɗewar kika ɗauko," ta ce. Ta ƙara da cewa, "Mai jirgi ya ce in za mu tafi, ya shirya."

Wallahi ba abin da nake so a duniya a lokacin irin in shiga jirgin nan. In je gida in rufe ɗaki in ja labule, in ce wa kowa zazzaɓi nake yi. Amma yatsana na hannun Balki har lokacin, ba ta saki ba. Na san idan na tafi, labarin zai riga ni isa Wara: likita ta ɗiga maganinta ta makance, an kwashe ta a jirgi. Ba wanda zai ga ranar da idon ya dawo. Ba uwar da za ta sake miƙo ɗanta, kuma damar Balki ta wuce ke nan.

Na juya wajen da nake jin muryar Maigari (daga baya aka ce mini wani mai gyaran taru na fuskanta) na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure biyu. Na ce maganin ba ya yin komai, alhali yana yi: yana dusashe gani, yana sa rana ta yi zafi, sannan ya wuce. Na biyu, garin rawar kai na ɗauko mai ƙarfin, ba na yara ba. Zai daɗe, amma zai sake ni. In an yarda, zan zauna a garin nan har ku ga ya sake ni da idonku."

Aka yi ta 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Sai Kaka Tumba ta ce, "Gidana za ta zauna. In idon ya dawo, ni ka fara gani. In bai dawo ba kuma, ni ka fara gani."

Akwai wani tudu a bayan gari inda waya ke kamawa. Da rana ta yi sanyi Rifkatu ta kai ni can, tana danna mini lambobi don ni ko sunan mutum ba na iya karantawa. Na roƙi abokin aikina ya karɓi yaran da ke jiran tiyata a hannuna. Na gaya wa maigidana, ya yi ta ƙoƙarin nuna tausayi yana danne dariya. Sai Inna. Ta saurara har na gama, ta yi shiru, na ɗauka addu'a za ta yi mini.

"Ke wagga," ta ce, "duk biyun kinka ɗiga?"

"Duk biyun, Inna."

"Har Indiya anka kai ki, ba su gaya miki a rage ɗaya ba?"

Sai ta fashe da dariya har wayar ta faɗi, ina jin ta tana kiran maƙwabciya.

Ban san wanda ya kai wa Farfesa labari ba (ina zargin abokin aikin nan nawa har gobe). Bayan kwana biyu, muna kan tudun nan, ya kira. Bai yi ihu ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Sau nawa kika karanta kwalbar?" Na ce ban karanta ba, ranka ya daɗe. Ya ce, "To yanzu kin san abin da ya sa nake ɗaga murya." Ya kashe wayarsa.

Zamana a gidan Kaka Tumba yana da tsari. Kullum da hantsi, bayan an sha kunu, matan unguwa za su taru a tsakar gida kamar ana rabon wani abu. Kaka za ta fito da allura da zare ta miƙo mini. "Zura." Ni da nake ɗinke idon jariri, sai in riƙe allura ina soka zare a iska. Wani lokaci ma ta wajen tsinin nake nema. Kaka za ta karɓa ta zura da kanta, da idonta na tsufa, ta ce, "Sai gobe." Mata su watse suna ba juna labari. Na sha kunya a rayuwata, amma ban taɓa shan wadda ake maimaita mini kowace safiya a kan lokaci ba.

Sauran yinin ina cikin ɗaki, na lulluɓe da zane, ni da Balki. Ita ma ba ta son rana. Ta gaya mini ta fi gani idan yamma ta yi, abin da na karanta a littafi tuntuni, amma ban taɓa zama kusa da mai shi ina jiran yamma tare da shi ba. La'asar sakaliya sai mu fito, tana riƙe da yatsana, ta kai ni bakin ruwa mu ji masunta na dawowa. Tana gane kowane jirgi da ƙarar injinsa. Ta ɗauke ni 'yar'uwarta sosai, har tana ba ni shawara: in riƙa jan ƙafa kada in ɗaga, in riƙa ƙirga ƙofofi da hannu. Wata rana ta ce mini kada in damu, ana sabawa. Na juya baya na yi kukana, na ce maganin ne.

Rifkatu kuwa ta ce tunda idon a buɗe yake, bari ta auna ni, ba a asarar dama. Ta auna, ta yi mini kallon ta saman tabarau. Ashe abin da ya sa na nesa ma ya ɓace mini shi ne na daɗe ina buƙatar tabarau ban sani ba. Idona ne ke ta ƙoƙari a ɓoye yana rufa mini asiri, maganin ya zo ya kwance masa hannu. Shekara da shekaru ina auna idon 'ya'yan mutane, ban taɓa zama an auna nawa ba. Ciwon kan da nake ɗora wa aiki da maigidana, ashe nawa ne.

A wajen bandar kifi Kaka ta ba ni labarin da na hana ta bayarwa a gindin mangwaro. Ta ce shekarun baya wasu masu duba ido sun zo garin, suka tara yara suka ɗiga musu magani, suka ce ba ya yin komai, suka shiga jirginsu kafin la'asar. Yara suka wuni suna kuka a rana suna cin karo, ba wanda ya san abin da ke faruwa, ba wanda za a tambaya. Washegari ido ya dawo, amma wa zai manta daren da ya kwana yana zaton ɗansa ya makance?

"Uwar ɗiyar ga ta rasu ta bar min ita," ta ce, tana juya kifi. "Ɗan ganin da ya rage mata, shi nike tsaro. Tana ganin wuta, tana ganin inuwata. In na ba ku kunka ɓata shi, mi za ni ce ma uwarta ranar da munka haɗu?"

Na zo neman rashin sani, na tarar da mutanen da suka ga abu da idonsu suka riƙe. Mu ne muka ce ba komai, sannan muka tafi.

A hankali duniya ta fara dawowa. Na fara gane fuskoki, na fara fita da hantsi ba lulluɓi. Wata safiya Kaka ta miƙo allura kamar kullum, na ɗaga ta sama, sai ga kafar nan ƙarama tana kallona. Na lashi bakin zaren na zura, ya wuce. Wata mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka yi ta tafi kamar na haihu. Ban taɓa jin alfahari da wata takardar shaida kamar yadda na ji da zaren nan ba.

Kaka ba ta yi tafi ba. Ta karɓi allurar ta duba, ta ja zaren ta tabbatar. Da mata suka watse ta zaunar da ni.

"To, aikin ga da kike son yi ma Balki. Gaya min abin da za shi yi mata. Kada ki ce min ba komi."

Na gaya mata duka. Na ce za a sa ta barci, kuma barcin nan yana da nasa haɗarin ko da yake muna tsaro. Na ce za ta farka da zafi, idon zai yi ja, za a daɗe ana ɗiga magani, za ta sa tabarau mai kauri, za a yi ta zirga-zirga zuwa asibiti. Na ce ba zan yi mata alkawarin Balki za ta gani kamar sauran yara ba, don an makara, amma ina da kyakkyawan zaton za ta ga fuskar kakarta, ta ga hanya, ta iya zuwa makaranta. Ban taɓa yi wa wani bayani mai ban tsoro haka ba. Na gama na ce a raina shi ke nan, na kore ta.

Ta tashi ta koma wajen kifinta. Washegari da muka sauko bakin ruwa ni da Rifkatu za mu tafi, sai muka tarar da ita a cikin jirgi ta riga mu zama, da ƙullin kaya, da kwandon banda, da Balki a cinya an yi mata sabon kitso.

Na yi wa Balki aiki a ido ɗaya, bayan 'yan kwanaki na yi ɗayan. (Kwalaben da aka yi amfani da su kuwa, na karanta su har ma'aikata suka fara kallon juna.) Ranar da aka buɗe idon farko, Balki ta daɗe tana ƙifce-ƙifce. Ta kalli taga, ta kalli tafin hannunta, ta juya ta kalli Kaka ta kai hannu ta shafa fuskar, kamar tana gwada ko ita ce wadda ta sani. Kaka na ta hamdala a hankali, hawaye na bin kumatunta. Ni ina tsaye gefe da sabon tabarau, na ce, "Balki, sannu."

Ta juyo da sauri, don muryar ta sani. Ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

"Kaka, makauniyarmu ce?"

"Awo, ita ce."

"Ta warke?"

"Ta warke," in ji Kaka. "Da ƙyar."

Balki tana makaranta yanzu, da tabaranta mai kauri ɗaure da igiya, tana zama a layin gaba. Binciken nawa ya fito da wata fuska dabam da wadda na fita da ita, kuma na gabatar da shi a tarurrukan likitoci an yi tafi. Wani ya taɓa tambayata a wajen taro yadda na samu mutanen bakin ruwa suka saki jiki da ni haka. Na gyara tabarau na ce ai sai an zauna da jama'a. Rifkatu tana layin baya, ban yarda mun haɗa ido ba.

A ƙauyukan tafki kuwa ba wanda ya san ni da sunana, balle takarduna. Idan jirginmu ya doso, yara ne ke rugawa cikin gari suna cewa ga Likita Makauniya nan, iyaye su fito da 'ya'yansu. Kafin in buɗe baki wata tsohuwa za ta riga ni yi wa sauran bayani: zai dushe, rana za ta yi zafi, gobe ya wuce, ita ma da ta sha mai ƙarfin ga ta nan. Na daina jin haushin sunan, don ya fi duk jawabaina aiki.

Abin da na koya ba shi da yawa. Ki gaya wa mutane abin da magani zai yi musu tun kafin shi ya gaya musu. In kuma gwaninta ta motsa miki har sai kin gwada a kanki, to don Allah ki karanta kwalbar, kuma ki rage ido ɗaya na komawa gida.